Yadda Velaphi Ya Ɗauko Yayansa Daga Fim

A kwarinmu ba a cewa Garin Garkuwa. Wannan sunan allon bakin titi ne, na baƙi. Mu Fim muke ce wa wurin. In ka tambayi mace ina mai gidanta ta ce yana Fim, ka san yana can kwance a rana da mashin roba a hammata, kuma da yamma zai dawo ya ci tuwo.

Velaphi Nzuza ya shiga Fim yana saurayi, a ciki kuma ya yi furfura. Shekarar da Turawa suka zo da manyan motoci za su yi fim ɗin yaƙin wani sarki na da, shi da yayansa Mafika suna saran rake a gonar wani Bature. Masu fim sun zagaya ƙasar nan suna neman inda ya fi kama da garin kakanni, har suka zaɓi tudun da ke bayan gonar. Sun iya zaɓe. A nan garin kakannin namu yake, kafin gwamnatin wancan lokaci ta turo katafila ta share shi, ta kwashe mu zuwa gangare. Aka kawo magina daga Durban suka sake tayar da shi da ƙarfe da ciyawa. Ya ma fi na da kyau, don na da ba shi da hauren giwa na siminti a ƙofa.

Aka yi shela ana neman mayaƙa. Duk wanda ya cire agogo, ya yarda a shafe masa tabon lamba da laka, ya ɗaura warki, ya zama jarumi. 'Ya'yan Nzuza suka jefar da addunan rake suka hau tudu. Aikinsu gudu, ihu, faɗuwa. Magana kuwa ba tamu ba ce. An kawo masu yin ta daga Johannesburg, mutane masu santsin fata, waɗanda ake riƙe wa laima in an ce a huta.

A fim ɗin akwai wurin da wani mayaƙi ke faɗowa daga kan shinge da mashi a ƙirji. Ta baya aka ɗauke shi, kuma tsawon abin bai fi atishawa ba. Velaphi ya ce shi ne. Ya faɗa a tashar mota, ya faɗa a bakin coci, ya faɗa a wuraren zaman makoki inda mutane ba su da halin tashi su tafi. A shekarun farko darakta ya ɗaga masa babban yatsa ne kawai. Da aka jima darakta ya rungume shi. Kafin Velaphi ya aurar da 'yarsa ta fari, darakta ya riga ya yi kuka, ya roƙe shi ya bi shi Amurka, shi kuwa ya ƙi saboda shanu. Mafika yana nan a duk lokacin da ake ba da labarin, yana sakace haƙori. Bai taɓa cewa haka ne ba, bai taɓa cewa ba haka ba ne. Mafika dama yakan yi wuni bai furta abin da ya wuce gaisuwa ba, kamar an raba musu bakin gida, Velaphi ya kwashe har da rabon yayansa.

An shirya a ƙone garin duka a ƙarshen fim. Aka cinna wuta, rabi ya ci, sai aka kece da ruwa. Masu fim suka ce abin da aka samu ya isa, suka naɗe wayoyinsu suka tafi. Baturen gonar rake ya hau tudu ya dubi rabin da ya rage, ya daɗe yana duba, sannan ya sa aka kafa ƙofa da ɗakin sayar da tikiti.

Tun daga nan wurin ya ga sauyi iri-iri. Da gwamnati ta sauya, aka sauke tuta aka ɗaga wata, aka goge kalmar da ke jikin allo aka rubuta "gadon kakanni". Baturen ya sayar wa wani kamfani, kamfanin ya sayar wa wani da ba wanda ya taɓa ganin fuskar mai shi. Aka shimfiɗa ɗan jirgin ƙasa mai zagaya bukkoki, aka gina wurin zamiya a ruwa mai siffar mesa, aka buɗe gidan abinci inda baƙo ke cin nama da gashin jimina a ka. Akwai bukkar da ake nuna guntun fim ɗin ba dare ba rana, har majigin ya gaji ya mai da kowa kore. Albashi ne kaɗai ya riƙe al'ada.

Babban abin kallo shi ne yaƙi, kullum kafin abincin rana. Matasa ne ke gudu da ihu. In mutum ya manyanta sai a yi masa ƙarin girma, a sa shi cikin waɗanda ke fara mutuwa, don su ne ke samun hutu mai tsawo. Ba mai tashi sai an busa usur. Velaphi bai taɓa iya mutuwa da kyau ba, yana kwance yana yi wa gawar kusa da shi raɗa. Mafika kuwa, ba a taɓa yin gawa irinsa ba a tudun nan. Ƙuda ya shiga hancinsa ya fito. Cinnaku sun hau shi. Wani yaron Bature ya taɓa zuba masa ruwan lemo a kunne don ya gani. Mafika bai motsa ba. Da aka taɓa gwada ma'aikata, aka busa usur ana tsakiyar yaƙi don a ga masu garaje, gawawwaki suka miƙe aka yanke musu ladan ranar, Mafika kaɗai ya san ba a gama ba, ya ci gaba da mutuwarsa.

Mai usur ɗin a 'yan shekarun nan Lindani ne, ɗan kwarin nan, wanda ya je birni ya yi karatun tarbar baƙi ya dawo yana magana ta hanci. Shi ke riƙe makirfo, shi ke faɗa wa baƙi abin da kakanninmu suke ji a zuciya.

Ranar da abin ya faru, ana tsakiyar yaƙi hadari ya taso daga wajen teku, aka saki ƙanƙara kamar ana jifa. Baƙi suka watse, Lindani ya rungume lasifika ya ruga da ita don kada ta jiƙe. Ba wanda ya tuna da usur. Gawawwaki suka ga ba sarki sai Allah, kowa ya kifa garkuwa a ka ya yi ta kansa. Suna fake a ƙarƙashin rumfa suka hango mutum ɗaya kwance a fili, ƙanƙara na dukansa.

"Ku dubi Yaya," in ji Velaphi, yana dariya har da riƙe ciki. "Usur yake jira. Wallahi ko hauren simintin nan ne ya faɗo masa ba zai tashi ba."

Kowa ya yi dariya. Sai da ruwa ya ɗauke suka je tashinsa. Likita ya ce zuciya ce, kuma da alama tun faɗuwar farko.

Motar asibiti ta ɗauki jikin. Amma jiki kawai mota ke ɗauka. Wanda ya mutu a waje yana nan inda ya faɗi har sai nasa sun je da reshen magaryar kura sun kira shi da sunansa, sun kawo shi gida. Wanda ya ɗauki reshen, daga lokacin da ya kira sunan mamaci, ba ya magana da mai rai, ba ya waiwaye, sai reshe ya shiga ɗaki. Da mamacin kaɗai zai yi magana, yana faɗa masa hanya. In ya kuskura ya amsa wa wani, mamaci ya sauka a nan, kuma ba lalle ne ya yarda ya sake hawa ba.

A gidan Nzuza namiji babba ɗaya ya rage, Velaphi. Da aka ambaci sunansa a zaman dangi, wasu suka sunkuyar da kai, kafaɗunsu na rawa, ba kuma kuka suke yi ba.

Babbar yayarsu Gabisile ce ta ce ita za ta raka shi, ta zama bakinsa. Tsohuwa ce gajeriya mai sanda, wadda ta yi aikin wanki a gidajen Turawa har yatsunta suka karkace, ba ta kuma taɓa taka Fim ba, don ta ce ta ga isassun maza marasa wando a rayuwarta.

"Ka saurare ni da kyau, Velaphi," ta ce. "Yaron nan ya yi shekara da shekaru yana mutu musu a kan kuɗin burodi. In ka buɗe wannan bakin naka ka bar min shi a can yana mutu musu kyauta har abada, ni da kai ne."

"Haba Yaya, ni yaro ne? Ai lokacin da darakta…"

"Ka ji ko? Tun ba a je ko'ina ba."

Ranar da za a kawo jiki gida suka kama hanya da safe. Velaphi ya sa baƙar kwat ɗinsa ta coci da hula, ya saro reshe a bakin rafi, mai ƙaya bibbiyu, ɗaya miƙe ɗaya lanƙwashe. Tun da bai kira suna ba tukuna, sai ya yi guzurin surutu. Ya yi wa direban bas magana, ya yi wa fasinjoji, ya yi wa wata akuya da ke ɗaure a baya. Ya sauka yana yi.

Manaja ya aiko da ta'aziyya, ya kuma ba da izini su yi abin da za su yi, amma su gama kafin motocin baƙi su iso. Mai ƙofa ya ce Baba Velaphi ya wuce, Gwaggo kuwa ba ma'aikaciya ba ce, sai da tikiti.

"Tikiti?" in ji Gabisile. "Ɗan wa ne kai?"

Ya faɗa mata.

"To ka gaida uwarka, ka ce mata an binne cibiyata a inda kuka gina ban ɗakin mata. Matsa."

Ya matsa.

Filin yaƙi babu kowa, sai rairayi da aka share da safe. Velaphi ya san wurin, gefen hagu kusa da rumbun da ba a taɓa zuba masa hatsi ba. Ya cire hula, ya durƙusa, ya shimfiɗa reshe a ƙasa. Ya kira Mafika da sunansa, ya yi masa kirarin gidansu tun daga kakan kaka, ya ce, "Yaya, ni ne Velaphi. Na zo mu tafi gida. Tashi." Ya ja reshen a kan rairayi, ya ɗaga.

Ya taɓa ɗauko mahaifinsu daga asibiti da irin wannan reshe, ya san yadda abin yake. Ba nauyi ba ne da sikeli zai nuna, hannu ne ke sani, kamar in yaro ya yi barci a kafaɗarka. Wannan reshen kuwa sakayau, kara ne kawai da ƙaya.

Ya sake kira. Ya ƙara kirari, har da wanda ba na gidansu ba. Ya sake ɗagawa. Gabisile na tsaye a kansa tana kallon ƙeyarsa, shi kuma ba halin ya juya ya yi mata bayani. Gumi ya fara bin wuyan kwat. Ya dubi rairayin, ya dubi benayen kallo, ya dubi sandar da ake rataye lasifika. Sai ya sunkuya ya yi wa reshen magana a hankali.

"Yaya, kar dai ka ce min usur kake jira."

Gabisile ta ji. Ta ja dogon tsaki, ta juya ta nufi inda Lindani ke gwada makirfo.

"Kai, mai hanci. Zo ka busa wa ƙanena wannan abin naka ya tashi."

"Gwaggo, ina kwana. Ya ƙarin haƙuri? Usur ɗin ai na aiki ne, in na busa yanzu masu kicin za su zuba abinci."

"Ranar da ya kamata ka busa ai ka gudu da akwatin waƙa ka bar mutum a ƙasa. Busa."

Lindani ya waiga hagu da dama, ya sa usur a gefen baki ya ɗan hura, kamar mai sanyaya shayi. Velaphi ya ɗaga reshe. Babu komai.

"Na sani, Yaya," ya ce wa reshen. "Ba a yi yaƙi ba. Ba za su ruɗe ka ba." Ya miƙe tsaye, ya mai da hula, ya riƙe reshe gam a hannu, ya kafe a wurin.

Lindani ya gane abin da ake nufi, fuskarsa ta sauya. "A'a. A'a, Baba. Mota biyu ta Jamusawa na hanya, ga 'yan makaranta. Ba za a yi yaƙin shekara ɗari biyu da mutum sanye da kwat a tsakiya ba. Baba, kana ji na?"

Velaphi na kallon rumbu.

"Ba ya jin masu rai yau," in ji Gabisile. Ta samu wani turmin ado ta kifa ta zauna.

Lindani ya kira masu gadi. Suka zo da sauri, suka ga abin da ke hannun tsohon, saurin ya ragu. Ɗaya ya ce bayansa na ciwo tun jiya. Ɗayan ya ce shi aikinsa hana shiga ne, ba fitarwa ba. Aka buga wa manaja waya, ya ce yana Durban wurin taro, Lindani ya yi dabara.

Baƙi suka cika benaye, jajaye, da huluna masu faɗi. Aka buga ganguna. Mayaƙa suka fito da gudu daga bayan bukkoki, suka rabu gida biyu kamar ruwa ya tarar da dutse, suka zagaye tsoho mai kwat. Waɗanda ke fara mutuwa suka mutu nesa-nesa, ba wanda ya yarda ya faɗi kusa da rumbu.

Lindani ya yi dabara. Ya faɗa wa baƙi da Turanci cewa yau sun yi sa'a, wannan babban boka ne da ke fitowa daga daji sau ɗaya a shekara don ya tattara kurwar jarumai, kwat ɗin kuwa ganima ce da ya ƙwace a wurin sojan Ingila. Baƙi suka ɗaga wayoyi gaba ɗaya. Daga nan ya sauya harshe zuwa namu, muryarsa na fita ta lasifika, yana murmushi kamar waƙar yaƙi yake rerawa.

"Jama'a, yau za a faɗi gaskiya. Wanda ya faɗo daga shinge a fim, marigayi Baba Mafika ne. Kowa ya sani. Baba Velaphi laima ya riƙe wa matar darakta, da ya ga jinin ƙarya ma sai da aka ba shi ruwa."

Wata gawa ta yi tari. Wata ta juya fuska cikin rairayi tana jijjiga. Wuyan Velaphi ya kumbura, leɓensa na ƙasa ya fara motsi shi kaɗai, amsa ta taru masa tun daga ciki, doguwa, mai rassa, har da ranar da abin ya faru da abin da aka ci da rana. Gabisile ta ɗaga sanda daga cinya ta riƙe a tsakiya.

Velaphi ya sauke ido kan reshe.

"Kana ji, Yaya? Yaron da aka haifa bayan an ƙone garin. Uwarsa ma goyo ce a lokacin. Ka yi shiru kawai, kar ka kula shi."

Lindani ya ga zagi bai ci ba. Yaro ne mai kai, ba a banza aka tura shi birni ba. Ya sauko daga dandamali da makirfo a hannu, ya ratsa ta cikin masu yaƙi, ya zo ya tsaya gaban tsohon, ya rusuna kamar ɗan kirki.

"Baba, ka yafe min, wasa nake. Kai ne ka faɗo, duk kwarin nan an sani. Ga su nan sun cika benci, daga Jamus suka zo. Ka ba su labarin da bakinka, ni zan fassara. Tun daga farko, Baba, har inda darakta ya yi kuka. Ba mai katse ka."

Ya miƙa makirfo har yana taɓa gemun Velaphi.

Tun yana saurayi ake riƙe wa wasu wannan abin a gabansa. Ya ga an miƙa wa masu santsin fata, ya ga an miƙa wa manajoji da 'yan siyasa da wani yaro da ya ci gasar cin nama. Ya ba da labarinsa ga mutanen da ke duban hanya ko mota za ta zo. Bai taɓa ba wanda ya zauna don ya ji ba. Yanzu ga benaye cike, an yi tsit, har ganguna sun sassauta. Numfashinsa na fita ta lasifika, kowa na ji. Ya buɗe baki. Gabisile ba ta ɗaga sanda ba wannan karon, ta dai sunkuyar da kai tana duban karkatattun yatsunta.

Velaphi ya kawar da fuska gefe, a hankali, kamar mai azumi da aka gifta masa da nama. Abin da ya faɗa wa reshen bai shiga makirfo ba. Gawar da ta fi kusa ta ce ta ji, wai cewa ya yi, "Ka ga abin da ka jawo min, Yaya."

Yaƙi dai ba ya wuce lokacinsa, don abinci na kan wuta. Sarki ya soke babban maƙiyi, babban maƙiyi ya yi tangaɗinsa na kullum ya faɗi. Lindani ya koma dandamali. Ba yadda zai yi, in bai busa ba mutum talatin za su wuni a rana. Ya cika kunci ya busa, doguwa, irin ta gaske.

Gawawwaki suka miƙe suna kakkaɓe rairayi. Hannun Velaphi ya yi ƙasa kaɗan, ya sa ɗayan ya tallafa.

"Yauwa," ya ce. "An tashi, Yaya. Mu je gida."

Baƙi suka miƙe tsaye suna tafi. Mayaƙa ba su rusuna musu ba ranar. Sun dai buɗe hanya, kowa ya sauke garkuwa.

A Fim ƙofar shiga daban, ta fita daban, kuma ta fita sai an ratsa shagon tsaraba. Haka aka gina shi, ko ma'aikaci ta nan yake bi. Velaphi ya shiga tsakanin kantoci, idonsa a gaba.

"Yaya, shago za mu ratsa. Kar ka tsaya duba komai, ba namu ba ne. Ga garkuwoyin nan da ake kawowa daga China. Ga ƙofa nan gaba, akwai matakala, ka sauka a hankali."

Wata Baturiya ta sha gabansa da waya, tana nuna kanta tana nuna shi. Gabisile ta sa sanda ta kawar da ita kamar labule. Wani ya cusa masa takardar kuɗi a aljihun kwat. Aka yi ta kira daga baya, "Boka! Boka!" da irin lafazinsu. Bai waiwaya ba.

A bakin titi Gabisile ta tsai da bas ta biya kujera uku. Velaphi ya ce, "Mota za mu shiga, sunkuyar da kai," ya kwantar da reshe a kujerar taga, don Mafika na son taga. A tasha ta gaba wani ƙato da buhun dankali ya hango gurbi ya nufo shi da baya, har ya fara lanƙwasa gwiwa, sai ya ga ƙaya. Ya miƙe, ya cire hula, ya ce a yi haƙuri bai ga mutum ba, ya tafi a tsaye. Direba ya kashe rediyo.

Da direban ya sani da ya bar ta a kunne. Al'ada ta ce a riƙa faɗa wa mamaci hanya, ba ta ce a tsaya a nan ba. Velaphi ya faɗa masa sun wuce gonar rake, sun hau gadar Mhlathuze, ruwa ya ragu. Daga nan ya tuna masa ranar da suka fara hawa tudu. Ya tuna masa shingen, da tsayinsa, da yadda iska ke kaɗawa, da abin da darakta ya ce. Duk abin da ya haɗiye a fili ya fito da shi a bas, ya juye wa mutum ɗaya da ba shi da halin sauka.

"Ko yana raye bai sha irin wannan ba," Gabisile ta ce wa matar da ke kusa da ita. "Da can yakan ce zai zaga bayan gida."

Sun iso an riga an kawo akwati. Velaphi ya tsaya a ƙofar gida ya ce, "Mun iso, Yaya, ga gidanka," ya ratsa ta garken shanu yadda ake yi, ya shiga ɗakin da matar Mafika ke zaune a kan katifa cikin bargo. Ya ɗora reshe a kan akwati. Hannunsa ya koma sakayau. Matar ta dubi Gabisile, Gabisile ta gyaɗa kai sau ɗaya, sai a lokacin matar ta saki kukan da ta riƙe. Aka yanka akuya. Washegari aka binne Mafika da reshensa a gefen mahaifinsa.

Bayan an share makoki Lindani ya zo gida da buhun sukari da saƙon manaja. Ya ce baƙi sun rubuta cewa a duk abin da suka gani a ƙasar nan, ba abin da ya taɓa musu zuciya kamar boka mai kwat. Kamfani na son a riƙa yi kullum, bayan yaƙi. Za a maƙala wa Baba ƙaramin makirfo a wuyan riga, ya yi wa reshe magana yadda ransa ke so.

Gabisile ta karɓi sukarin, ta kore shi da sanda har bakin titi. Velaphi ma ya ƙi. Ya ƙi a tashar mota, ya ƙi a bakin coci, ya yi wa duk wanda ya tsaya bayanin dalilin da ya sa mai mutunci ba zai yi wasa da irin wannan abu ba. Ya daɗe yana ƙi, har wajen ƙarshen wata.

Yanzu Gabisile ba ta amsa gaisuwarsa sai ranar Lahadi. Shi kuwa bayan kowane yaƙi yakan fito da baƙar kwat, ya durƙusa nesa da rumbu, ya yi magana har sai masu kicin sun aiko a ce abinci na hucewa. Lindani na fassara abin da ya ga dama. An ɗauki lokaci kafin ya lura da abin da ke hannun tsohon, ya tare shi a bayan bukka.

"Baba, wannan ai ba magaryar kura ba ce. Reshen gwaiba ne."

"Baƙinka sun yi ƙorafi?"

"A'a, amma an rubuta a takardar talla cewa komai na asali ne."

"To kai ka saro ta asalin ka riƙe, ka tsaya a tsakiyar filin nan ka ce a tashi a bi ka gida," in ji Velaphi. "Ni ɗakina ɗaya ne, ban kuma san adadin waɗanda ke kwance a tudun nan suna jira ba."